IR ko GC-FID wajen auna gurɓatar man fetur?

Masu kai samfurin ƙasa da ruwa ɗakin gwaji sun sha tambayar wacce za su zaɓa cikin hanyoyin gwajin nan biyu: IR, mai auna mai da hasken infrared, da GC-FID, mai raba sinadaran mai sannan ta auna su a harshen wuta. IR ta fi araha da sauri, amma jimlar yawan mai kawai take bayarwa. Ba ta bambance fetur da dizal, kuma maiƙon tsirrai kan kumbura sakamakon muddin ba a tace da silika, garin da ke tsotse maiƙon, ba.

GC-FID akwai tsada, sai gwani ke sarrafa ta, amma tana rarrabe man bisa yawan ƙwayoyin carbon (C) da ke cikin sinadaransa: C6 zuwa C10 fetur, C10 zuwa C28 dizal.

Kowacce aka ɗauka, a adana samfuri a sanyin 4°C, a gwada samfuri marar mai a kowane rukunin samfuri 20 don kama ƙazantar kwalabe.

IR ta dace da binciken farko a fili mai faɗi, GC-FID kuma ga mai kai sakamako gaban hukuma ko kotu.