Fili ko Ginannen Gida?

Kusan kullum sai an tambaye ni: "Malam, in sayi fili ko ginannen gida?"

Fili ya fi araha, kuma za ka gina daidai ƙarfinka, bulo ɗari yau, buhun siminti gobe. Amma a nan rigima take. Na sha ganin fili ɗaya an sayar wa mutum biyu. Kafin ka biya, in a Kano ne, je KANGIS, hukumar gwamnati mai kula da takardun filaye, a duba maka takardun, ka kuma tambayi mai unguwa da maƙwabta.

Ginannen gida kuwa, biya ka tare. Sai dai sabon fenti yakan ɓoye tsagewar bango, don haka je ka gan shi da damina, ka ɗaga kai ka duba silin.

Mai albashin da ba ya gaggawa, fili ya fi dacewa da shi. Magidancin da haya ta ishe shi, kuma kuɗi na hannu, ya nemi ginanne.