Sandunan Wej Uku ko Huɗu: Abin Dubawa Kafin Saye

Bugun da ya fi wahalar da mai koyon wasan golf shi ne wanda ya rage yadi talatin zuwa tamanin a kai ga rami, domin a nan ba a buga ƙwallo da cikakken ƙarfi, kuma duk wanda ya yi ƙoƙarin rage ƙarfin hannunsa a tsakiyar bugu, ko dai ya tono ƙasa, ko kuwa ƙwallon ta wuce ramin da nisa. Abin da masu horarwa suka fi koyarwa shi ne a bar saurin bugu yadda yake, a riƙa sauya iyakar inda ake ɗaga sanda ta baya. Dave Pelz, Ba'amurken da ya yi aiki a hukumar NASA kafin ya koma horar da 'yan golf, ya kwatanta hannun hagu da hannun agogo: ƙarfe 7:30, ƙarfe 9:00 da ƙarfe 10:30. Ke nan kowace sandar wej, wato gajeriyar sandar da ake yin irin wannan bugu da ita, tana ba da nisa iri uku, kuma a kan wannan lissafi ya kamata mai saye ya gina zaɓinsa.

Kafin a shiga shago, sai a fara sanin kwanciyar fuskar sandar wej da ke ɗauke da harufan PW (pitching wedge) a cikin jaka, wadda ake aunawa da digiri. Sandunan PW na zamani da yawa suna zuwa da digiri 43 zuwa 46, alhali sandar fita daga yashi, wadda Gene Sarazen ya shahara da ita tun 1932, yawanci digiri 54 zuwa 56 ce. Idan aka bar tazarar digiri goma ko fiye tsakaninsu, akwai nisan da babu sandar da za ta iya shi.

Mai sanduna uku, misali 46 da 52 da 58, yana da nisa tara da zai haddace, ya rage kashe kuɗi, kuma ya bar gurbi ga wata doguwar sanda, tunda doka ba ta yarda a ɗauki fiye da 14 ba. Mai huɗu kuwa, wato 46 da 50 da 54 da 58, yana da nisa goma sha biyu, amma sai ya auna kowanne a filin atisaye ya rubuta, in ba haka ba yawan zaɓin ruɗa shi zai yi. A ganina, wanda ba ya samun atisaye fiye da sau ɗaya a mako, uku sun ishe shi. Sandar digiri 60 kuma gara a jinkirta sayenta, domin ba ta yafe kuskure ko kaɗan.

Sai batun tudun gindin sanda, wanda 'yan wasa ke kira bauns, kuma akan buga lambarsa kusa da ta digiri. Mai tudu babba, digiri 12 zuwa 14, ta dace da laushin ciyawa da yashi mai taushi, domin ba ta nutsewa. A ƙasa mai tauri kuwa, irin ta filayen Kano da Kaduna a lokacin rani, gindinta na iya tsalle ya sa bakin sandar ya daki tsakiyar ƙwallo, don haka digiri 6 zuwa 10 ya fi dacewa.

Kamfanoni irin su Titleist da Cleveland da Callaway da Ping duk suna ƙera waɗannan ma'aunai, saboda haka sunan kamfani ba shi ne abin dubawa na farko ba. Mai sayen sandar da aka riga aka yi amfani da ita ya sa farce ya bi tsagogin fuskarta. Idan sun siɗe, ƙwallo ba za ta riƙa juyawa ta tsaya kusa da inda ta sauka ba, kuma ma'aunin nisan da ya sha wahala ya haddace ba zai yi masa aiki ba.