Sammako ko juriya: wace shinkafa ce ta fi tsira daga zafin lokacin fure?

Ɗan'uwa, ka ce ka ji masu inganta iri suna bin hanya biyu don kare shinkafa daga zafi a lokacin fure, wato samar da iri mai jure zafin, da samar da iri mai buɗe furensa da sassafe, kana son sanin wacce ta fi. Kafin a kwatanta su sai an ga abin da zafin yake lalatawa.

Kowane ƙaramin fure a jikin zangarniya sau ɗaya yake buɗewa, na kamar awa guda, ya rufe ke nan. Yawancin irin da ake nomawa suna buɗewa ne tsakanin ƙarfe 10 na safe da 12 na rana, daidai sa'ad da rana ke ɗaukar zafi. A cikin wannan ɗan lokaci jakar garin fure za ta tsage, garin ya zubo a kan uwar furen ya tsira. Tun 1978 masana Satake da Yoshida suka nuna a IRRI, cibiyar binciken shinkafa ta duniya da ke Filifin, cewa idan zafi ya wuce digiri 35 na sama da awa guda a daidai lokacin, jakar ba ta tsagewa da kyau, garin da ke sauka ya yi kaɗan, ciki ba ya shiga. Sai ka ga gona kore shar, amma zangarniya a tsaye ƙyam ta ƙi sunkuyawa, ka murza ka ji holoƙo.

Masu bin hanyar juriya sun fi dogara da wani tsohon iri na Indiya, Nagina 22, wanda ake taƙaitawa N22. An gwada shi a zafin digiri 38, ya riƙe mafi yawan ƙwayarsa, alhali irin Moroberekan na ƙasar Gini ya rasa mafi yawan tasa. Jakar garin N22 tana tsagewa ko da zafi, garin ya sauka da yawa. Da aka haɗa shi da IR64, irin nan na IRRI da ya fito a 1985, an gano wani yanki na gado da aka sa wa suna qHTSF4.1 a kuromosom na 4 (kuromosom su ne zarurrukan da ke ɗauke da halayen gado a cikin ƙwayar halitta). Ƙarin da yake kawowa wajen cikar ƙwaya kimanin kashi 15 cikin 100 ne. Ba ƙaramin abu ba ne, amma lura, yanki ɗaya bai ɗauko duk juriyar N22 ba. Juriyar a warwatse take a wurare da dama, kowane da ɗan rabonsa, sai an yi ta tattarowa. Ga shi N22 kansa ba iri ne mai yawan amfani ba, dogo ne mai saurin kwanciya, don haka sai an yi ta maimaita aure da iri mai kyau, zuriya bayan zuriya, har a zubar da munanan halayen a bar wanda ake so. Gwajin ma wahala ne. Ana saka tsiron a ɗakin da aka saita zafinsa, mutum ya zauna da alƙalami yana yi wa kowane furen da ya buɗe alama ɗaya bayan ɗaya, don a san wanda zafi ya tarar a buɗe. Duk sa'ad da na tuna wannan sai in ji tausayin ɗaliban da ake ba aikin.

Hanyar sammako dabara ce ta kauce wa faɗan gaba ɗaya. Masana a Japan sun ɗauko halin daga wata shinkafar daji, Oryza officinalis, wadda ke buɗe fure da sassafe. Yankin gadon yana kuromosom na 3, sunansa qEMF3, an bayyana shi a 2015. Da aka saka shi a IR64, furen ya riƙa buɗewa awa ɗaya da rabi zuwa biyu kafin lokacin da ya saba. Kafin walaha an gama barbara, furen ya rufe, zafin azahar ya zo ya tarar da ƙofa a kulle. Da zarar ciki ya shiga, zafin ba ya yin irin waccan ɓarnar. A wurin mai inganta iri wannan ya fi sauƙin sarrafawa, domin yanki ɗaya ne mai babban tasiri, ana iya bin sawunsa da gwajin ƙwayar gado tun tsiro yana ƙarami. Shinkafar Afirka, Oryza glaberrima, ita ma ta kan riga ta Asiya buɗewa da safe.

Sai dai in ka yi sammako, wani a tafe ya kwana. A wuraren da zafi ke haurawa digiri 35 tun da hantsi, awa biyun da aka ci ba za ta wadatar ba, kuma furen da zafi ya cim masa ba shi da wata kariya, tunda gudu ya iya, bai iya tsayawa ba. Lokacin buɗewar ma ba agogo ba ne, gajimare da sanyin safiya suna iya jinkirta shi. Mai juriya kuwa bai damu da ƙarfe nawa zafin ya zo ba, iyakarsa dai akwai matakin da shi ma zai sare.

Akwai abin da yawanci ake mantawa a wannan muhawara, laimar iska. A busasshiyar iska mai kaɗawa, zangarniya tana fitar da ruwa ta sanyaya kanta, zafinta ya yi ƙasa da na iska da digiri da dama. A iska mai laima da ba ta motsi, wannan sanyayawar ba ta samuwa. Digiri 35 a wuri biyu ba abu ɗaya ba ne. Kuma duka hanyoyin biyu ba su magance zafin dare ba. Binciken da Peng da abokan aikinsa suka fitar a 2004 daga gonar IRRI ya nuna amfani yana raguwa da kashi 10 cikin 100 a duk ƙarin digiri ɗaya na zafin dare a noman rani. Sammako kuma ba ya kare shinkafa daga zafin da ya same ta tana da ciki, lokacin da garin furen yake haɗuwa, kafin zangarniya ta fito.

In aka tilasta ni zaɓar ɗaya, inda safiya ke da sanyi zafi ya bari sai tsakar rana, sammako zan ɗauka, ya fi saurin kaiwa gona. Inda iska ke da laima kuma zafi ke farawa da wuri, juriya zan sa a gaba. Amma tilascin babu shi, domin ɗaya yana kuromosom na 3 ɗayan na 4, ana iya haɗa su a iri guda ba tare da sun ture juna ba. Idan aka ce maka wani iri yana jure zafi, tambayi a digiri nawa aka gwada shi, na awa nawa, daga ƙarfe nawa, kuma zafin iska aka auna ko na zangarniya.