Ibiskis na tsakar gida da yakuwar gona: wanne ne maganin?

Hajiya, Allah ya ƙara wa Inna lafiya, ya sa kaffara ne. Tun da safe na ga tambayarki, na bari sai da na natsu, don magana ce da ta shafi lafiyar tsohuwa. Kin ce kin sayi wani icce mai jan fure wajen masu lambu na bakin kogi, can gefen Yantala, suka ce miki sunansa ibiskis. Sai kuma kika gani a Facebook wai ibiskis yana sauke hawan jini, wai Indiyawa na gyaran gashi da shi, har suna kai shi ɗakin bautarsu. Shi ne kike tambaya ko shi ne bisaf ɗin da muke sha, ko ki dafa wa Inna furensa, kuma ko ya dace ma ki bar shi cikin gidanki.

Kama da wane ba ta wane. Dangi ne, amma ba abu ɗaya ba ne. A boko, sunan ibiskis ya rufe shuke-shuke ɗaruruwa, mu kuwa kowace da sunanta muka san ta. Wadda ake yin bisaf da ita ita ce yakuwa, mu mutanen Tawa mu ce sure, maƙwabtanmu Zabarmawa su ce gisima, masana kuma su rubuta Hibiscus sabdariffa. Na tsakar gidanki shi ne Hibiscus rosa-sinensis, baƙo ne daga ƙetare, shi ya sa ma ba shi da sunan Hausa. Akwai ta uku, rama, ita ma ibiskis ce a wurinsu. Kuɓewa da auduga duk ƴan babban gidan ne. Ki dubi furen kuɓewa ki dubi na yakuwa, za ki ga jinin.

Ki tsaya gaban naki ki duba. Ganyensa kore ne shar mai sheƙi, yana nan rani da damina muddin ana ba shi ruwa, kuma da reshe ake dasa shi. Furen babba ne kamar tafin hannu, da wani dogon tsinke da ya fito daga tsakiyarsa. In furen ya faɗi, shi ke nan, ba abin girbi. Yakuwa kuwa ƴar damina ce. Da iri ake shuka ta in ruwa ya zauna, galibi a gefen gonar hatsi ko tsakanin wake, karanta ja, ganyenta da tsami. Furenta ƙarami ne, fari-fari mai ɗan rawaya da jan ido a tsakiya, ya buɗe da safe, kafin yamma ya yanƙwane. Sai bayan ya faɗi ne ƙoƙon da yake zaune a ciki ke kumbura, ya yi nama, ya yi ja wur. Wannan ƙoƙon ne ake ɓarewa da kaka a shanya, shi ne zoɓo ko soɓorodo da kike auna tiya a Katako ko Wadata. Wato abin da muke sha ba fure ba ne sam, ko da yake kowa fure yake ce masa.

A wajen amfanin gida, ni dai ban ga abin da zai haɗa su ba. Na tashi na tarar da kakata a wani ƙauye na Adar ba ta zubar da komai na sure. Ganye ɗanye ya shiga miya ko a dafa a yi kwaɗo da ƙuli-ƙuli, wanda ya rage a shanya don rani. Farin zoɓo, wanda bai da ja, na miyar taushe ne, shi ke ba ta tsami. Jan na sha ne. Iri kuwa, gurguzu, shi ne babbar dukiyar: a dafa shi ya yi ligif, a sa ruwan toka, a rufe shi kwanaki ya ruɓa, a daka, a shanya, ya zama daudawar batso. Warinta ya kan kori baƙo daga madafa, amma a shekarar da nama ya fi ƙarfin talaka, ita ke riƙe miya. Mu da ba mu da ɗorawa da yawa kamar mutanen kudu, wannan ce daudawarmu tun kaka da kakanni. Abin da ke ci mini rai, ƴaƴanmu na Yamai sun san bisaf mai sanyi cikin leda, amma ka nuna musu shukar a gona ba za su gane ta ba.

Rama ba ta yin zoɓo. Nata aikin ganye ne da igiya: ta yi tsawo fiye da mutum, a sare, a jiƙa karan cikin tabki har ɓawon ya saki, a saɓule a tufka.

Shi na adon, amfaninsa a can ƙasashensa ne aka sani. Abin da kika karanta game da gashi gaskiya ne. Matan kudancin Indiya suna murza ganyen da furen cikin ruwa, sai ya ba da yauƙi irin na kuɓewa, su wanke kai da shi, ko su dafa furen cikin man kwakwa su shafa. Bai kamata ya ba mu mamaki ba, mu da muka san wankin kai da karkashi. In kika murje furen a hannu zai koma baƙi-baƙi, shi ya sa a da ake goge takalmi da shi. Malesiya kuma ta ɗauke shi furen ƙasa tun 1960.

To, maganar magani, wadda ita ce ta fi damuna. Furen gidanki ba guba ba ne, amma ba a kansa ake magana ba in an ce ibiskis na sauke hawan jini. Zoɓo ake nufi. A 2010 masu bincike na Jami'ar Tufts a Amurka sun buga sakamakon gwajin da suka yi da mutum 65 waɗanda jininsu ya ɗan hau kuma ba su shan ƙwaya. Wasu suka sha kofi 3 na zoɓo kullum har mako 6, wasu aka ba su wani abin sha mai kama da shi. Lambar sama ta masu zoɓo ta sauka da kusan 7, ta sauran da 1 da ɗan kai. Amma ki lura, su da ɗari-ɗari suke lissafi, 140 bisa 90, mu a likitocinmu 14 bisa 9 ake ce mana. Ke nan 7 ɗinsu bai kai cikakkiyar lamba ɗaya ba a namu ƙidayar. Taimako ne na gaske, ban raina shi ba, sai dai wadda tansiyonta ke 17 ba zoɓo ne zai maido ta 12 ba. Na san wata dattijuwa a unguwarmu da ta ajiye ƙwayoyinta don an ce mata bisaf ya isa. Yau ɓarin jikinta ɗaya ba ya motsi. Don Allah, Hajiya, kada Inna ta bar ƙwayarta. Ki kuma gaya wa lokotoron da ke duba ta cewa tana shan zoɓo kullum, don shi ma yana sa fitsari, in ya haɗu da wasu magungunan hawan jini ana iya samun jiri.

Tsofaffinmu sun daɗe suna ba da shi don sakin ciki, da kashe ƙishirwa, da buɗe baki ga wanda zazzaɓi ya hana cin abinci, kuma tsaminsa na yin wannan aikin. Inda na saba da jama'a shi ne batun ƙarin jini. Jan da ke cikinsa launin shuka ne kawai, ba jini ba ne. Mai ƙarancin jini hanta da wake da ganye take buƙata, da ƙwayar da aka rubuta mata. Ƙwaya kuma da ruwa ake haɗiye ta: a Sudan, inda suke kiransa karkade, an gwada shi da nibakin, tsohon maganin zazzaɓin cizon sauro, an ga yana rage yawan maganin da ke shiga jiki in aka sha su tare. Mai ciki ta sassauta, kada ta mai da shi magani. Sannan furen lambu yana da nasa haɗarin, don masu sayarwa suna fesa masa maganin ƙwari irin wanda ba a sa wa abin ci.

Ta fannin addini, gaskiya ne mabiya Hindu suna miƙa jan furen nan ga ababen bautarsu, musamman Kali a yankin Bengal, da kuma Ganesha. Amma da madara ma suna yin bautar, da ruwa, da shinkafa, ba kuwa wanda ya daina shan nono saboda haka. Icce halittar Allah ne, ke don ado kika dasa, ni ban ga dalilin cire shi ba. In zuciyarki ba ta kwanta ba, ki tambayi malaminku na islamiyya. Yakuwa ita ma ba ta da wata daraja ta ibada a wurinmu, sai dai ta zauna daram cikin ranakun ibadar. Azumi a zafin Yamai, wace uwargida ce ba ta jiƙa zoɓo tun azahar? Sadakar buɗa-baki a ƙofar masallaci, suna, walima, duk da shi ake yi. Haka a Masar da Sudan. Har a Jamaika, inda zuriyar bayin da aka kwasa daga Afirka suke, da zoɓo da citta suke shan bikin Kirsimeti.

Ki bar furenki ya ƙawata gida, in kin so ki gwada shi a kai bayan kin wanke shi sosai. Na Inna kuwa, ki sayi zoɓo mai duhun ja, busasshe ƙarau, wanda ba ya warin ruma. Ki ɗauraye ƙasar, ki zuba cikin tafin hannu ɗaya a lita ɗaya ta tafasasshen ruwa, ki rufe minti 10, ki tace a mazubin da ba na dalma ba, don tsamin na cin dalma. Citta da na'ana'a ba laifi, sukari ne za ki janye wa hannu, tunda na leda da ake sayarwa a titi zaƙinsa ya fi amfaninsa. Kofi 2 a rana ya ishe ta a farko, a riƙa auna tansiyonta kowane mako ana rubutawa a takarda, ku tafi da takardar ranar da za ta koma likita.