Jinga ko albashin wata: amsa ga Hajiya mai son a yi mata manhaja

Tambayar Hajiya ita ce: tana da shagon atamfa da leshi a Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, tana son manhajar waya da kwastomomi za su riƙa yin oda ta ciki. Mutum biyu sun kawo mata tayi. Ɗaya yana Indiya, ta Upwork, shafin intanet da ake ɗaukar masu aiki daga nesa, ta same shi, ya yanka mata kuɗin aikin gaba ɗaya da dala. Ɗayan ɗan Zariya ne mazaunin Legas, shi albashi yake so duk wata. Wanne za ta ɗauka?

Hajiya, kamar gini ne: ko dai ki ba magini jinga, ko ki riƙa biyansa kullum. Jinga tana daɗi idan zanen gidan yana hannu. Na Indiya zai yi miki abin da aka rubuta a yarjejeniya, ba ƙari ba ragi. Akwai kuma kariya, don a Upwork ana raba aiki mataki-mataki, kuɗin kowane mataki yana ajiye wurin kamfanin, ba a sakar wa mai aiki sai kin duba kin amince, ko kuma kwana goma sha huɗu sun wuce bayan ya miƙa aikin ba ki ce komai ba. Matsalar ita ce duk abin da ba a rubuta ba sabon ciniki ne. Ranar da kika ce a ƙara wurin biya ta Paystack, ko a ware masu sayen sari daban, ranar za ki ji sabon farashi. Kuma da dala. Tun da Babban Banki ya saki naira a watan Yunin 2023, wanda ya yi ciniki da dala yana lissafi da naira ya san abin da nake nufi.

Ga kuma lokaci. Indiya tana gabanmu da awa huɗu da rabi. Idan kika rufe shago ƙarfe shida, kika zauna duba aikin, can goma da rabi ne na dare. Ki yi tambaya yau, amsa sai gobe. Sannan sai kin zauna kin bayyana masa da Turanci, a rubuce, cewa atamfa turmi-turmi ake sayarwa, leshi yadi-yadi, mai anko kuma tana iya ɗaukar turmi talatin iri ɗaya ta biya rabi, sauran sai biki ya matso. Na Legas ba ya buƙatar wannan darasi, ya ga yayyensa suna yi.

Nan ne ƙarfin mai albashi. Agogonku ɗaya, kuɗinku naira, za ki iya canza ra'ayi ranar Talata ba tare da an sake ciniki ba. Amma fa aikin wata ba shi da ƙarshe sai kin sa masa. Ba kya ganinsa, ba ki san ko aikin mutum uku yake riƙe da shi ba, kuma "babu wuta" da "network ya ɗauke" uzuri ne da ba ki da hanyar ƙaryatawa daga Kaduna. Maganinsa kada ki tsaya ƙirga awoyinsa. Ku yanke rana, a ce Alhamis, da zai turo miki abin da za ki sa a wayarki ki danna da yatsanki. Hoton fuskar kwamfuta ba aiki ba ne. Ku buɗe allo mai layi uku a Trello, manhajar bin diddigin ayyuka: za a yi, ana yi, an gama. WhatsApp ya isa gaisuwa da tuni, amma shawarar da aka yanke cikin saƙon murya, bayan wata biyu kowa da yadda zai tuna ta.

Abu ɗaya bai da ruwa da wanda kika zaɓa, kuma ya fi duk na sama nauyi. Komai ya kasance da sunanki. Rumbun da ake ajiye rubutun manhajar a GitHub ke za ki buɗe, ki gayyace shi ciki. Asusun ɗora manhaja a Google Play, inda masu Android ke sauke ta, ma haka, dala 25 ne sau ɗaya, na Apple kuwa dala 99 duk shekara, kuma ba na ganin kina buƙatarsa yanzu tunda yawancin kwastomominki Android suke riƙewa. Sunan shafi da sabar, wato kwamfutar da ke riƙe bayanan manhajar a intanet, ma da imel ɗinki za a yi rajista. Idan suna hannunsa kuka saɓa, ya tafi da shagon ke nan. Tunda ba kya karanta rubutun manhaja, ki nemi wani na uku ki riƙa biyansa ya leƙa sau ɗaya a wata. Irinsu ba sa wuyar samu a wurare kamar CoLab, cibiyar masu fasahar kwamfuta da ke Barnawa.

Ni dai a ganina ba ki kai ga babbar jinga ba tukuna, don ba ki san ainihin abin da kike so ba sai kwastomomi sun fara dannawa suna ƙorafi. Ki ba na Legas ƙaramar jinga ta mako biyu: shafin kaya da farashi da maɓallin oda, shi ke nan. Idan ya kawo a kan lokaci kuma yana ɗaga waya, ki ɗauke shi wata uku, a rubuce, tare da sharaɗin sanarwar mako biyu ga duk wanda zai janye. Idan ya fara kwana-kwana tun a nan, kuɗin mako biyu kawai kika yi asara, na Indiya kuma yana nan.