RX 6600 ko RTX 3060 don gem a Linux? Ɗauki na AMD ɗin

Ɗan uwa, ka tambaya wane katin girafik za ka saya don gem a Linux, RX 6600 na AMD ko RTX 3060 na Nvidia. A cikin biyun nan da ka lissafo RX 6600 za ka ɗauka, tunda kai da bakinka ka ce Linux kaɗai za ka sa a kwamfutar ba za ka ajiye Windows a gefe ba. Shi nake amfani da shi yanzu haka, kuma wallahi tunda na saye shi ban taɓa zama na ce yau zan gyara direba ba, wato manhajar da ke sa katin ya yi aiki da kwamfuta.

Daren da na kawo shi gida ba zan manta ba. Bayan isha'i ne, na kwantar da akwatin kwamfutar a kan tabarma, ƙanina yana haska min da fitilar waya saboda ɗakin ba haske sosai, na zare tsohon katin na soka wannan har na ji ƙas ɗin nan na makulli, na jona masa wayar wuta mai fil 8 guda ɗaya tal. Na riga na sayi data da yawa don na ɗauka zan kwana ina sauke direba ina buga umarni a tamina. Ina kunnawa sai ga hoto ya fito a monita tas, na buɗe Steam, manhajar sayen gem da buga shi, na danna The Witcher 3, ya ɗan yi lodin shedarsa (ƙananan shirye-shiryen da kati ke zana hoto da su) kawai sai ga Geralt, jarumin wasan, a kan doki ciyawa tana kaɗawa. Ƙanina ya ce "Yaya ai ba ka sa direban ba", na ce masa yana ciki tun kafin mu sayi katin. Bai yarda ba sai da na buɗe masa MangoHud ya ga sunan katin da zafinsa da yawan firem a kusurwar sikirin, yana tafiya sama da 60 a 1080p. Ranar har ƙarfe ɗaya muna karɓa-karɓa da fad ɗin buga gem.

Dalilin kuwa ba wani sihiri ba ne. Direban AMD a Linux buɗaɗɗe ne, rabinsa mai suna amdgpu yana cikin kanel ɗin kansa, wato zuciyar Linux, ɗaya rabin da gem ke magana da shi wato RADV yana cikin Mesa, tarin buɗaɗɗun direbobin girafik, duk distiro (nau'in Linux) da ka sa da su yake zuwa. Shi RADV ɗin ma ba AMD ce ta fara shi ba, Dave Airlie da Bas Nieuwenhuizen ne suka faro shi a 2016, daga baya Valve, kamfanin da ke da Steam, ta zuba kuɗi da ma'aikata a kansa, ita ta kawo ACO, sabon mahaɗin sheda, a 2019 wanda ya rage wannan sarƙewar da gem ke yi lokacin da yake haɗa sheda. Sai kuma Steam Deck, na'urar gem ta riƙe a hannu ta Valve mai aiki da Linux, ya fito a Fabrairun 2022 da cif ɗin AMD na zuriyar RDNA 2, kuma RX 6600 ɗin da kake tambaya shi ma RDNA 2 ne. Kaga kenan duk wani gyara da injiniyoyin Valve suka yi don gem ya tafi daidai a Deck, kai ma yana iso maka a ofdet ba tare da ka roƙi kowa ba, kuma duk kamfanin gem da ya gwada wasansa a Deck kafin ya sake shi to kusan katinka ya gwada. Wannan shi ne abin da ya fi komai muhimmanci a wurina, ya fi lambobin da ake rubutawa a bayan kwali. Har AMD da kanta a 2025 ta ajiye nata direban Vulkan ɗin (harshen da gem ke magana da kati da shi) mai suna AMDVLK ta ce kowa ya koma RADV.

RTX 3060 kuma to, yana aiki, ba zan yi masa ƙarya ba. Yana da 12GB inda na AMD ke da 8GB, a Windows ya ɗan fi shi gudu, DLSS, fasahar Nvidia ta ƙara wa gem gudu, yana tafiya a Proton, manhajar da ke tashin gem ɗin Windows a Linux, kuma in kana harkar Blender ko AI da ke neman CUDA ko kana yawan naɗar bidiyo da NVENC, waɗanda duk fasahohin Nvidia ne kaɗai, to shi ne naka, babu gardama. Tun direba na 555 a 2024 ma matsalar ƙyaftawar sikirin a Wayland, sabon tsarin nuna hoto na Linux, ta yi sauƙi sosai. Amma direban daban ake sa shi, dole ya dace da kanel ɗinka duk lokacin da aka sabunta, in Secure Boot, tsaron da ke tantance manhaja lokacin kunna kwamfuta, a kunne yake sai ka yi rajistar makulli, sannan masu gwaji da yawa sun nuna wasannin da ke amfani da DirectX 12, tsarin girafik na Windows, suna rasa gudu a katunan Nvidia a Linux idan aka kwatanta da Windows, a wasu har kusan kashi ɗaya cikin biyar. Ana aikin gyara abin, amma kai yau za ka saya. Kuma 170W yake ja, RX 6600 kuwa 132W. Ga wanda yake kan inbata ko sola irina wannan bambancin ba ƙarami ba ne, batir ya fi daɗewa, ɗaki ma bai cika ɗaukar zafi ba a watan Afrilu da iska kanta ke ƙuna.

Abu ɗaya da zan faɗa maka a kan AMD don kada gobe ka ce ban faɗa ba, HDMI 2.1 ne. A 2024 ƙungiyar da ke riƙe da HDMI ta ƙi yarda a sa shi a buɗaɗɗen direba, to in talabijin babba kake son jonawa ka samu 4K a 120 za ka iya cin karo da wannan. Ga monita ta 1080p ko 1440p ka yi amfani da DisplayPort ka huta, ni ban taɓa jin ciwon abin ba.

Yanzu kuma maganar da ba ka tambaya ba amma sai na yi ta, domin ni an taɓa cuta ta kuma har yau in na tuna raina yana ɓaci. Kafin wannan katin na taɓa sayen wani a hannun wani mai shago da ya rantse min GTX 1050 Ti ne, kwali mai kyau, fanka biyu, sitika tana ƙyalli, ya ma sa min a kwamfutarsa ya nuna min sunan ya fito a Windows. Kuɗin da na tara wata huɗu na ba shi. Na zo gida gem ƙarami zai buɗe, da zarar na sa mai nauyi sai hoto ya watse ya koma ɗigo-ɗigo kore da ruwan hoda ya fita. Kwana uku ina zargin Linux ina canza Proton ina goge distiro. Wani ɗan gurup ɗin nan ne, Allah ya saka masa, ya ce in ɗauko hoton bayan katin, yana gani ya ce jabu ne, saboda akwai ramin VGA mai shuɗi a jiki, shi kuwa 1050 Ti na gaskiya ba ya zuwa da VGA. Muka cire fankar muka goge man sanyaya cif ɗin, cif ɗin da ke ƙasa na GTS 450 ne, kati na 2010, an canza masa BIOS kawai don ya riƙa faɗin sunan da ba nasa ba. Na koma shagon mutumin ya ce shi ma haka aka kawo masa, kaya in ya fita ya fita.

Saboda haka kada ka yarda da sunan da sikirin ya nuna maka a shago. Ka je da filashi mai GPU-Z a ciki, manhajar da ke nuna bayanan kati, yana gane yawancin irin waɗannan har ya rubuta maka cewa jabu ne. Ka sa a kunna gem mai nauyi ko FurMark, manhajar gwada juriyar kati, a gabanka minti 20 aƙalla kana kallon zafi kana sauraron fanka, in mai shago ya fara cewa jannareta tana shan mai to ka ce za ka biya kuɗin man, in ya ƙi ka kama hanya. Ka duba sukurorin baya ko an taɓa kwance su, ka duba allon ko ya yi launin ƙasa-ƙasa kusa da memori alamar ya sha zafi. Tun Satumbar 2022 da aka daina haƙar kuɗin kirifto na Ethereum da katunan girafik kasuwa ta cika da katunan da suka yi shekaru suna aiki dare da rana, an wanke su an sa a sabon kwali ana ce maka landan yus ne. Ba duka ne matattu ba, wasu suna da sauran rai sosai, amma a faɗa maka gaskiya a sayar maka a farashinsu.

Su kansu biyun da ka lissafo kowanne yana da tarkonsa. RTX 3060 akwai mai 8GB da ya fito daga baya, suna ɗaya amma ya fi mai 12GB rauni, ana sayar da shi da kuɗin babban ga wanda bai duba ba. Na AMD kuma akwai RX 6600M, cif ɗin laftof ne da wasu ƙananan kamfanonin Chana suke ɗorawa a allon desktof, yana aiki amma ba shi ka yi ciniki ba. In kuma aka ce maka ga RX 580 mai araha ka duba ko 2048SP ne, wannan kusan RX 570 ne aka sa wa babban suna. Ka karɓi rasit da lambar siriyal a rubuce, ku yi magana a kan kwana nawa za ka iya dawo da shi, gaban shaida. In ma wani ya zo maka da GTX 1060 ko 1070 na hannu ka sani direban Nvidia na 580 shi ne layi na ƙarshe da ke tallafa wa zuriyar GTX 900 da GTX 10.

Sai abu na gaba wanda ya fi zaɓen kati ma, kafin ka goge Windows ka zauna ka rubuta wasannin da kake bugawa kullum ka duba su ɗaya bayan ɗaya a ProtonDB, shafin da ke nuna yadda kowane gem ke tafiya a Linux. Proton da Valve ta fitar a Agustan 2018 tare da CodeWeavers shi ke sa gem ɗin Windows ya tashi a Linux, a kan Wine, manhajar tashin kayan Windows a Linux, aka gina shi, DXVK yana juya DirectX 11 zuwa ƙasa ya koma Vulkan, VKD3D-Proton yana yin na 12. Wasannin labari irin su Cyberpunk 2077, Elden Ring, God of War, Red Dead Redemption 2 duk suna tafiya, Counter-Strike 2 da Dota 2 kuwa na Linux ne kai tsaye. Inda gizo ke saƙar shi ne manhajar kama masu maguɗi a wasannin onlayin. Valorant ba ya yi, Fortnite ba ya yi, sababbin Call of Duty ba sa yi, Apex Legends an rufe wa Linux ƙofa a Oktoban 2024, GTA V labarinsa yana tafiya amma onlayin ɗin ya tsaya tun da aka sa masa irin wannan manhajar mai suna BattlEye a Satumbar 2024. Kuma na san mu, yawancinmu ƙwallo ce ta kawo mu harkar nan, to EA Sports FC ba ya tashi a Linux, ko AMD ka saya ko Nvidia duk ɗaya ne. In shi ne abin da kuke bugawa da abokai kowace yamma ka bar wa Windows wani ɓangare a faifan, ba abin kunya ba ne. Akwai shafin Are We Anti-Cheat Yet da ke bin diddigin waɗannan kaɗai.

Shi ProtonDB ɗin nan ina ƙaunarsa don mutane irina da kai ne suka cika shi, ba kamfani ba. Mutum zai buga gem ya dawo ya rubuta katinsa da kanel ɗinsa da wane Proton ya sa da abin da ya gyara, daga nan ake ba gem maki Platinum, Gold, Silver, Bronze ko Borked, daga mai tafiya lafiya lau zuwa wanda ba ya tashi sam. Kada ka tsaya a kalar kawai, ka shiga ka karanta rahoton waɗanda suke da kati irin naka kuma na kwanan nan. Akwai wani tsohon wasan tseren mota da nake so, bidiyon farkonsa baƙi ƙirin yake fitowa sai sauti, a rahoton wani bawan Allah da ban san ko a wace ƙasa yake ba na ga ya ce a sa Proton-GE, wanda Thomas Crider yake haɗawa da ƙarin kodek na bidiyo, na sa, shikenan hoto ya dawo. Tun daga ranar duk gem da na gama sai na je na rubuta nawa rahoton ko layi uku ne. In gem ya ƙi tashi gaba ɗaya ka sa PROTON_LOG=1 %command% a wurin umarnin buɗe gem ɗin a Steam, zai ajiye maka fayil a babban folda ɗinka, shi ake liƙawa a shafin Proton na GitHub, kuma masu gyaran suna karantawa da gaske. Don Allah in ka fara kai ma ka riƙa rubutawa, musamman mu da muke amfani da kayan hannu da tsofaffin furosesa, irin injinanmu ba su da yawa a rahotannin.

Distiro kuma, tunda sabon shiga ne kai ka sa Bazzite, a kan Fedora yake, Steam da komai a shirye, yana zuwa da sabon Mesa, in ofdet ya ɓata wani abu kana iya komawa na baya daga menun da ke fitowa lokacin kunna kwamfuta. Linux Mint ma zai ɗauki RX 6600 lafiya tunda katin na 2021 ne, sai dai Mesa ɗinsa yana ɗan jan ƙafa. Ka kula da data, Steam yana yawan sauke fayilolin sheda a ɓoye, in kana kan hotsifot na waya ka shiga saitin sauke-sauke ka duba wannan, ni sai da ya cinye min rabin sub kafin na gano inda take tafiya.

Ka turo min hoton sitikar fawa saflai ɗinka kafin ka biya kuɗin katin, ina so in ga wat nawa ne da ko yana da wayar fil 8 ta kansa. Kada ka bari a haɗa maka da adafta daga wayar SATA, waɗannan suna narkewa.