Bindigar soso mai batir: wata uku a gidana

Ana saura kwana biyu Ƙaramar Sallah na shiga Kasuwar Sheikh Gumi neman takalman yara, na fito da bindiga. Laifin autana ne, ɗan shekara tara, da ya kafe a gaban wani shagon kayan wasa kamar an dasa shi. Mai shagon kuwa ya san sana'arsa. Ya zura mata batir, ya danna wani ɗan maɓalli a ƙasan kunama, ta fara ƙugi kamar injin aski, sannan ya saita wani kwali ya ja. Kafin in ƙifta ido harsasan soso sun cika gabanmu. "Alhaji, wannan ba sai an ɗana ba, ruwa take yi." Na taya, ya sallama. Har yau uwargida ba ta san ainihin kuɗin ba.

Ba Nerf ba ce ta kamfanin Hasbro na Amurka, kwaikwayo ce 'yar Sin marar suna. Amma zubinta na Rapidstrike ne, wata bindigar Nerf da Hasbro suka fitar a 2013: gidan harsashi mai cin 18, da batir huɗu matsakaita, waɗanda suka fi na rimot girma.

Da ta fara maƙalewa sai na ɗauko sukuddireba na buɗe ta a kan tabarma, yara sun zagaye ni. Ashe ba iska ke harba sosan ba. Wasu 'yan tayoyin roba ne guda biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa, kowace da ɗan injinta, tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai kaurin harsashin ba. Inji na uku yana turo soso, su cafke shi su wurgo waje. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban injin matse rake zai gane. Shi ya sa dole ka bar ta ta ɗauki wuta na ɗan lokaci kafin ka ja kunama, in ba haka ba harsashin a kan yatsan ƙafarka zai faɗi. Kuma in ka riƙe kunamar ba sakewa, kowane soso yana rage wa tayoyin gudu. Na farko ya kai ƙofar zaure, na ƙarshe da ƙyar yake wuce bakin rijiya.

Harbi dai tana yi, ba ƙarya. Ranar Sallah yaran layinmu a Unguwar Dosa har layi suka yi a tsakar gida, ni ma na ɗana, kuma ba sau ɗaya ba.

Cinta ne ban yi lissafinsa ba. Batiran rediyo masu arha da mai shago ya haɗa min ko la'asar ba su kai ba, ƙugin ya koma nishi. Na sayo na alkalin, suka jure, amma kuɗinsu ya sa na yi tsaki. Masu caji sun fi sauƙi a aljihu, sai dai ƙarfinsu bolt 1.2 ne maimakon 1.5, harbin sai ya yi sanyi.

Sai sosan. A cikin daƙiƙa shida ko bakwai gidan harsashi ya zama wayam, sauran wasan kuma rarrafe ne a ƙarƙashin kujeru. Wasu sun haura katangar maƙwabta, wasu sun bi kwata, biyu akuya ta tauna. Cikin arba'in da muka fara da su, goma sha uku suka rage. Zafin bazara ya sa gam ɗin kawunansu ya saki, wanda kuma ya kwana a matse cikin gidan harsashi sai ya lanƙwashe, da ya shiga tsakanin tayoyi ya toshe hanya. Ƙura ma ba ta bar ta ba: in ta hau tayoyin sai su riƙa santsi. Tsumma mai ɗan laima ne maganin wannan.

Dokoki biyu na kafa. Ba a saita fuska, tun ranar da soso ya sami 'yar'uwarsu a gefen ido ta wuni tana hawaye. Kuma ba ta fita ƙofar gida. Yayansu ya kawo shawarar a fesa mata baƙin fenti don ta yi kama da ta gaske, na ce masa ko a mafarki. A Kadunan nan, da magariba, wa zai tsaya tantance roba daga nesa? Shuɗinta da ruwan lemon bakinta suna nan yadda suka zo.

Wanda ɗansa bai kai takwas ba, ya saya masa mai ɗanawa da hannu. Irinta ce a hannun ɗan maƙwabcina, ba batir ba maƙalewa, kuma sosansa shida har yanzu shida ne. Tamu tana saman sif, ranar Asabar kaɗai take sauka. Tun daren Juma'a auta yake fara zagaye ni: "Baba, an sa batir a caji?"